Ɗaukewar Jinin Haila da Ciwon Asma a Wajen Mata

Asma, wadda aka fi sani da fuka, cuta ce da ke kumbura hanyoyin iska na cikin huhu har su ƙuntace, numfashi ya riƙa fita da shesshiƙa. Kafin balaga ta fi kama yara maza, amma daga baya sai ta fi yawa a wajen mata, abin da ya sa masana ke danganta ta da isturojin, wato sinadarin da ma'ajiyar ƙwan mace ke samarwa domin tafiyar da haila. Yayin da haila ke ɗaukewa, galibi tsakanin shekara 45 zuwa 55, sinadarin yakan yi ta hawa da sauka kafin ya ragu, kuma wani bincike da aka buga a 2016 kan matan arewacin Turai ya gano cewa asma kan fara bayyana ga wasu a wannan lokaci. Ƙiba da hayaƙin itacen girki suna ƙara tsananta ta. Abin takaici, sau da yawa akan ɗora sarƙewar numfashin a kan tsufa kawai, alhali tana iya zama asma ko ma ciwon zuciya. Ya kamata mace mai irin wannan alama ta je asibiti a auna huhunta.