Daga zaurance zuwa Na'vi: Matasan da ke koyon harsunan finafinai

Wani dare bayan sallar isha'i Umma ta leƙo zauren gidanmu a Gwale, ta tarar da ƙanena ya manna waya a baki yana ta maimaita "kxa, kxa, kxa" shi kaɗai cikin duhu. Ba ta ce masa komai ba. Ni ta ja gefe, ta tambaye ni ko yaron nan lafiyarsa ƙalau, ko a kira malam ya yi masa ruƙiyya. Sai da na gama dariya na yi mata bayani: harshen Na'vi yake koyo, yaren shuɗɗan halittun nan na fim ɗin Avatar, kuma saƙon murya yake naɗa zai tura wa wani ya duba masa lafazi.

Ba zan ce irinsa suna da yawa a Kano ba. Su huɗu na sani, shi da abokansa uku, ɗaya daga Mandawari, biyu daga Ɗorayi. Amma abin da suke yi ya isa a tsaya a duba.

Waɗannan harsuna ba surutai ba ne da ɗan wasa ke ƙagowa a gaban kyamara. Masana ake ɗauka su zauna su gina su, da sautuka da nahawu da ƙamus. Marc Okrand ya gina Klingon don fim ɗin Star Trek na 1984, ya fitar da ƙamusunsa a 1985. Paul Frommer, malamin jami'a a Amurka, shi ya tsara Na'vi don Avatar na 2009, kuma da kalmomi kusan 1,000 harshen ya fito. David Peterson ya yi Dothraki da High Valyrian na Game of Thrones. Mu kuma 'yan kallon Indiya muna da namu: Kiliki, yaren mayaƙan Kalakeya a Baahubali na 2015, wanda marubucin waƙoƙi Madhan Karky ya ƙirƙira. Ya yi masa wata dabara mai sauƙin riƙewa, inda "min" ke nufin ni, ka juya ta ta koma "nim", wato kai. Af, masu cewa yaren Wakanda ma ƙirƙirarre ne su gyara: Xhosa ne na Afirka ta Kudu, miliyoyin mutane ke magana da shi.

To ta ina sabon shiga zai kama? Duolingo tana da darasin High Valyrian tun 2017 da na Klingon tun 2018. Na'vi kuwa ba ya can, kusan duk abin da za ka koya daga hannun masoyansa zai fito. Su suka tattara ƙamus, su suke rubuta darussa kyauta, har sababbin kalmomi suke ba Frommer shawara a kai, ya duba ya amince ko ya gyara. Babu ƙasar da za ka je ka tarar ana ciniki da harshen a kasuwa, don haka malaminka shi ne wanda ya riga ka farawa da shekara ɗaya ko biyu. Ƙanena yakan tura murya da daddare, gari na wayewa ya tarar wani daga Jamus ko Brazil, wanda bai taɓa ganin fuskarsa ba, ya saurara ya nuna masa inda ya kauce. Ba ko sisi.

Inda labarin ya fi yi min daɗi shi ne a lafazi. Na'vi yana da sautuka uku da ake rubutawa px, tx da kx, kuma su ne ke wahalar da Turawa, wasu sai su yi makonni suna fama. Irin sautin da malaman Hausa ke kira tunkuɗau ne: ka toshe maƙogwaro, ka tunkuɗo iskar da ke baki. Wannan kx ɗin fa ba wani abu ba ne illa ƙ ɗinmu. Yadda Bahaushe yake bambanta kafa da ƙafa ba tare da tunani ba, haka ɗan Na'vi yake bambanta "ka" da "kxa", wadda ke nufin baki. Ranar farko ƙanena ya furta shi daidai, har aka tambaye shi shekara nawa ya yi yana koyo. Yanzu shi ake tura wa sababbin shiga ya koya musu, kuma dabararsa guda ce: ya sa su yi ta cewa "ƙoƙo" har harshensu ya faɗa. Akwai wata yarinya a Turai da ta iya cewa ƙuli-ƙuli tsaf ba ta san mene ne ba.

Haka alhamzar Klingon, wadda ke ƙarshen "Qapla'", wato nasara, ita ce dai ta cikin sa'a da jama'a. Dogon wasali da gajere na High Valyrian ma ba baƙonmu ba ne.

Kada dai a ɗauka komai sauƙi ne. Klingon karɓau yake fara kawowa, sai aikatau, sannan aikau, kamar ka ce "tuwo ci Audu". High Valyrian jinsi huɗu gare shi, na wata da na rana da na ƙasa da na ruwa, mu da muke da namiji da mace ma wani lokaci sai mun yi gardama. 'Yan Na'vi yatsu huɗu ne a kowane hannunsu, don haka takwas-takwas suke ƙirga. A nan ne ɗaya daga cikin 'yan Ɗorayin ya ajiye, ya ce lissafin WAEC ma bai gama da shi ba.

Ni abin bai zo min baƙo ba, domin a tsakar gidan nan na koyi zaurance wajen yayyena mata. Namu na "ba-bi-bu" ne, kowace gaɓa a liƙa mata wutsiya, "zo mu tafi" ta koma "zobo mubu tabafibi". Babu littafi, babu aji. Wadda ta iya ce take koya wa wadda ba ta iya ba, a yi maka dariya in ka yi tuntuɓe, kana ƙwarewa a fara gulma da kai. Bambancin kawai, zaurance Hausa ce aka yi wa lulluɓi, waɗannan kuwa daga tushe aka gina su.

Masu suka suna da hujja, ban raina ta ba. Data ta yi tsada, kuma awannin da ake kashewa a kan Na'vi da Larabci ko Faransanci aka ba su, wataƙila da sun kawo aiki ko gurbin karatu. Baffanmu haka ya ce, kuma ban iya ba shi amsa ba. Abin da na gani da idona dai shi ne yaron da a da ko "wasali" bai san ma'anarsa ba, yanzu yana zana min yadda iska ke fita daga maƙogwaro.

Ni tawa sukar daban ce. Mutumin da ba ya yarda ya bar x ɗaya a "skxawng", wato wawa, don kada abokansa na waje su gyara masa, shi ne yake rubuta min "kasa" a WhatsApp, in rasa ƙasa yake nufi ko kasawa. Na nuna masa cewa Gboard yana da allon Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ, minti biyu ya isa a saka shi. Ya saka. Ita wancan yarinyar ce ma ta fara tambayarsa yadda ake rubuta ƙoƙo, kuma jiya na ji yana koya mata bambancin dawa da ɗawisu.