Maigida, Kai Ma Miƙo Hannu A Auna

Hawan jini ba ya sallama. Mutum kan yi shekaru da shi yana harkokinsa, ba ciwon kai ba jiri, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta gaza. Awon da ya kai 140/90, aka maimaita bai sauka ba, hawan jini ne.

Masu juna biyu kam muna auna su duk ranar awo, domin bayan sati 20 yana iya kaiwa ga jijjiga. Maigida da surukar da suka rako su fa? Wanda ya haura shekara 40, mai ƙiba, mai shan taba, mai ciwon suga, ko wanda iyayensa suka yi fama da shi, ya tsaya a auna shi kafin ya tafi. Uwargida kuma, a rage gishiri da dunƙule a miya.