Sulhun Kano da Ikko a Kan Yaƙin Cadi (1979–1982): Me Ya Hana Shi Ɗorewa?

Gabatarwa

Idan yaƙin basasa ya ɓarke a wata ƙasa, maƙwabtanta ba su da damar kau da kai, domin kuwa 'yan gudun hijira da makamai ba su san iyaka ba. Bahaushe ya ce, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Amma a sha'anin ƙasa da ƙasa shafa ruwan bai isa ba, sai an taya kashe wutar. Hanyoyin da ƙasa kan bi wajen wannan taimako galibi uku ne: ko ta tara masu faɗa ta sulhunta su, ko ta aika da sojoji su shiga tsakani, ko kuwa ta matsa musu ta fuskar tattalin arziki. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a duba yadda Nijeriya ta gwada hanyoyin nan uku a yaƙin Cadi, sa'an nan a nuna dalilin da ya sa sulhun bai ɗore ba.

Asalin Rikicin

Cadi ta sami mulkin kai daga Faransa ran 11 ga Agusta, 1960, a ƙarƙashin Shugaba Tombalbaye, mutumin kudu. Tun zamanin Turawa kudu ce ta fi samun makarantun boko, saboda haka mutanenta ne suka cika ofisoshi da bariki. Mutanen arewa da na tsakiya kuwa, waɗanda akasarinsu Musulmi ne, sai suka ga babu abin da ke haɗa su da gwamnati illa haraji. A 1965 talakawan Mangalme suka tayar wa masu karɓar haraji, a 1966 kuma aka kafa ƙungiyar tawaye ta FROLINAT a garin Nyala na Sudan. Sojoji sun kashe Tombalbaye a 1975, Janar Felix Malloum ya hau, amma yaƙi bai tsaya ba. Su ma 'yan tawayen sun rarrabu, manyansu kuwa su ne Gukuni Weddeye, wanda ke samun taimakon Libiya, da Hissene Habre, wanda ba ya ga maciji da Libiya saboda ta mamaye yankin Awuzu. A 1978 Malloum ya jawo Habre ya ba shi muƙamin Firayim Minista. Ba a je ko'ina ba, a watan Fabrairu na 1979, sojojin mutanen biyu suka gwabza a cikin birnin Injamena.

Hanya ta Farko: Zaman Sulhu

A watan Maris na 1979 gwamnatin Janar Obasanjo ta kira masu faɗa zuwa Kano, aka zauna ƙarƙashin jagorancin Manjo Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, tare da wakilan Libiya da Sudan da Nijar da Kamaru. Ƙungiyoyi huɗu suka sa hannu a kan cewa za a tsagaita wuta, a fitar da mayaƙa daga Injamena, a saki fursunoni, Malloum da Habre su sauka, a kafa gwamnatin wucin gadi. Malloum ya sauka, ya dawo Nijeriya da zama.

To, amma an bar baya da ƙura, domin akwai ƙungiyoyin da ba a gayyata ba. Da aka sake zama a Kano a watan Afrilu, sai su ma suka nemi rabonsu, waɗanda suka riga su kuwa suka ƙi, taro ya watse. Sai a watan Agusta, a Ikko, aka iya tara ƙungiyoyi goma sha ɗaya suka sa hannu. Aka ba Gukuni shugabanci, Kanar Kamuge na kudu ya zama mataimaki, daga baya Habre ya karɓi ma'aikatar tsaro, aka kuma yanke cewa za a yi zaɓe cikin wata goma sha takwas. Abin lura a nan shi ne, duk wanda ya sami kujera a taron, bindigarsa ce ta samo masa. Wato ke nan taron da kansa ya koya wa kowa cewa ranar da ya ajiye makami, ran nan rabonsa ya ƙare.

Hanya ta Biyu: Matsin Tattalin Arziki

Tsakanin taron Kano da na Ikko, Gukuni da Habre sun haɗa kai sun kafa gwamnati a Injamena, suka ɗora Lol Mahamat Shuwa a kanta, ba tare da wasu ƙungiyoyi ba. Maƙwabta suka ƙi amincewa da ita. Cadi ba ta da bakin teku, man fetur ɗinta kuwa a lokacin ta Nijeriya yake bi, saboda haka Nijeriya ta tsayar da shi. Wannan matsi ya yi aiki, domin yana cikin abubuwan da suka tilasta wa mutanen Injamena zuwa Ikko. Sai dai a lura da iyakarsa: matsi yana iya kawo mutum zaure, amma ba ya iya sa shi ya riƙe alkawarin da ya ɗauka a zauren.

Hanya ta Uku: Sojojin Shiga Tsakani

Sau uku aka gwada wannan hanya. Bayan taron Kano Nijeriya ta aika da sojojinta Injamena, amma masu faɗa suka zarge su da son kai, aka janye su a watan Yuni na 1979. Yarjejeniyar Ikko ta gyara wannan, ta ce sojojin su fito daga ƙasashen da ba su da iyaka da Cadi, wato Binin da Kongo da Gini. Kongo kaɗai ta aika, da faɗa ya ɓarke tsakanin Gukuni da Habre a watan Maris na 1980 kuwa, sai ta kwashe mutanenta. An shafe wata tara ana yaƙi a cikin birni, dubban mutane suka haye kogi zuwa Kusiri ta Kamaru. A watan Disamba sojojin Libiya suka taimaki Gukuni ya kori Habre.

Karo na uku shi ne na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. Da Libiya ta janye a watan Nuwamba na 1981, sai sojojin Nijeriya da Senegal da Zayar suka shiga, ƙarƙashin Manjo Janar Geoffrey Ejiga na Nijeriya. Tun farko ba a yi ittifaƙi a kan aikinsu ba. Gukuni ya ɗauka sun zo ne su maye gurbin Libiya, su yaƙar masa Habre. Su kuwa suka ce ba su zo goyon bayan kowa ba. Daɗin daɗawa, ƙungiyar ba ta da kuɗin riƙe su, wasu ƙasashen da suka yi alkawarin sojoji ma ba su aika ba. Habre, wanda ya farfaɗo a kan iyakar Sudan da taimakon Sudan da Masar da Amurka, ya yi ta cin garuruwa har ya shiga Injamena ran 7 ga Yuni, 1982. Kafin ƙarshen watan sojojin shiga tsakani sun bar ƙasar.

Abin da Ya Hana Sulhun Ɗorewa

Idan mai karatu ya tattara abubuwan da aka zayyana, zai ga dalili uku. Na farko, an raba muƙamai amma ba a raba mayaƙa da makamansu ba. Kowane minista yana da rundunarsa da yankinsa, gwamnati kuwa ta zama suna kawai. Na biyu, an aika da sojojin kiyaye zaman lafiya inda babu zaman lafiyar da za a kiyaye, ba da tabbataccen umurni ba, ba kuma da isasshen guzuri ba. Dokar ƙungiyar ta 1963, wadda ta hana tsoma baki cikin harkokin gidan wata ƙasa, ita ma ta ɗaure musu hannu. Na uku, wasu daga cikin shaidun sulhun su ne ke ba masu faɗa makamai. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga, gaskiya ne. Amma da ya shiga, ba shi da bukatar a liƙe tsagar.

Kammalawa

Habre ya yi mulki har 1990, lokacin da Idris Debi ya kifar da shi, a 2016 kuma wata kotu ta musamman a Dakar ta yanke masa ɗaurin rai da rai saboda kisa da azabtarwa da aka yi a zamaninsa. Wannan shi ne irin abin da talaka kan biya idan sulhu ya rushe, aka bar wa bindiga hukunci. Duk da haka wahalar ba ta tafi a banza ba. Rundunar ECOMOG da ta shiga Laberiya a 1990 ba ta tsaya kallo ba, Tarayyar Afirka kuma, wadda ta gaji tsohuwar ƙungiya a 2002, ta ba kanta ikon shiga ƙasar da ake kisan ƙare dangi ko laifuffukan yaƙi. Abin da tarihin Kano da Ikko ya nuna shi ne, hanyoyin nan uku ba sa aiki ɗaiɗai. Sa hannu a takarda farkon aiki ne. Wanda ya tara masu faɗa, dole ne tun a zaure ya tanadi wanda zai karɓi makamai, da wanda zai biya kuɗin aikin, da kuma yadda za a hana maƙwabta hura wutar.