Mesar Da Ta Ƙi Cin Ɓera: Azumi Ne Ko Ciwo?

Duk mai kiwo ya san cewa ranar da akuya ta juya wa dusa baya, ko kaza ta ƙi tsattsagar hatsi, to akwai magana. Dabba ta kwana biyu ba ta ci ba, sai dai a nemo mai magani ko a wasa wuƙa. Da wannan ma'auni ne dubban mutane a Amurka da Ingila da Jamus suke auna macizan da suke ajiyewa a cikin ɗakunansu, shi ya sa hankalinsu ke tashi idan maciji ya yi wata guda bai taɓa ɓeran da aka miƙa masa ba. Ma'aunin ne bai dace ba. Maciji na iya share watanni ba ci, ya kuma fito garau.

Wadda ta fi kowa suna wajen wannan hali ita ce ƙaramar mesa mai dunƙulewa, wadda masana ke kira Python regius. Ba ta da dafi, tsawonta bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba, idan kuma ta tsorata sai ta naɗe jikinta ta cusa kai a tsakiya maimakon ta kai sara. Wannan sanyin hali ne ya sa ta shiga sahun gaba cikin macizan da ake kiwo a duniya. Asalinta nan ne Afirka, daga Senegal har zuwa Uganda. A garin Wida na Jamhuriyar Benin akwai ɗakin bauta da aka keɓe mata, a yankin Idemili na jihar Anambra kuma kashe mesa babban laifi ne a al'ada. Tun daga 1975, lokacin da yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin namun daji ta fara aiki, an fitar da miliyoyinta zuwa ƙetare, galibi daga Togo da Benin da Ghana. Ke nan mesar da ke kwance cikin akwatin gilashi a Landan jikinta na bin tsarin ramin da kakanninta suka fito.

Cikin da ake kashewa a kunna

Jikin ɗan Adam da na akuya su ke dafa wa kansu ɗumi, kuma kaso mai yawa na abin da muke ci a nan yake ƙarewa. Maciji ba ya wannan ɗawainiya. Daga rana da ƙasa yake samun zafi, don haka abin da yake ƙonawa a kwance kaɗan ne ƙwarai. A 2007 Marshall McCue na Jami'ar Arkansas ya fitar da sakamakon wani gwaji da ya hana macizai iri uku abinci na wata shida, cikinsu har da wannan mesa. Ya tarar suna iya rage ƙarfin da jikinsu ke ƙonawa da kashi 72 cikin 100, kuma duk da yunwar sun ci gaba da ƙara tsawo. Kitse suke fara ci, sai tura ta kai bango suke taɓa tsoka.

Cin abincin ma ba ƙaramin aiki ba ne a wurin mesa. Stephen Secor da Jared Diamond sun yi shekaru suna nazarin babbar mesar ƙasar Bama, suka nuna cewa tsakanin ci da ci cikin mesa kamar murhu yake da aka kashe wutarsa bayan an sauke tukunya. Tumbi ba ya zubo ruwan narkarwa, hanji ya tsuke. Da ta haɗiye nama sai komai ya tashi lokaci guda: tumbi ya cika da ruwa mai tsamin da ke narkar da ƙashi, nauyin ƙaramin hanji ya ninka cikin kwana biyu zuwa uku, iskar da jiki ke sha ta ninka har kusan sau 40 idan abincin babba ne. Dabbar da narkar da abinci ke ci mata wannan ƙarfi ba za ta ci don kawai an miƙo ba. Sai ta ji akwai ɗumin da zai dafa abin, ta kuma ji babu mai tayar da ita kafin ta gama.

Kalandar rami

A dawa, mesar nan a ramin ɓera ko cikin suri take wuni, sai dare take fitowa. Da rani ya kama, wajen Nuwamba, lokacin barbara ya zo. Namiji kan manta da ciki ya shiga neman mace. Macen kuma idan ƙwai ya cika mata ciki ba ta da wurin sa abinci. Takan saka ƙwai kamar 3 zuwa 11, ta naɗe a kansu kusan wata biyu ba ci, har su ƙyanƙyashe a daidai faɗuwar damina, lokacin da ƙananan ɓeraye suka yawaita. Ko da an haife ta a Turai, wannan kalanda ba ta gogewa. Babban namiji mai ƙoshin lafiya ya daina ci daga Nuwamba zuwa Maris abu ne da masu kiwo suka saba gani.

Lokacin saɓa

Bayan rani, dalili na biyu na ƙin ci shi ne saɓa. Fatar maciji ta waje ba ta girma tare da shi, don haka yakan gina sabuwa a ƙarƙashi ya tuɓe tsohuwar gaba ɗaya. Ɗan maciji mai saurin girma yakan yi saɓa duk bayan mako huɗu zuwa shida, babba kuwa 'yan lokuta kaɗan a shekara. Alamar farko ita ce launi ya dusashe, fatar ciki ta ɗan yi ja-ja. Sai wani ruwa ya shiga tsakanin tsohuwar fata da sabuwa. Da yake maciji ba shi da fatar ido mai ƙiftawa, sai wani ɓawo garai-garai da ya rufe ƙwayar, wannan ruwa kan sa idon ya koma shuɗi-shuɗi, gani ya ragu. Bayan 'yan kwanaki idon ya washe, bayan wasu 'yan kwanakin kuma ya goga baki a jikin dutse ko itace, fatar ta tsage daga leɓe, ya silale ya bar ta a juye, ciki ya koma waje. Duka-duka mako ɗaya zuwa biyu ne. A wannan tsakani ba ya gani sosai, yana cikin ɗar-ɗar, yawanci kuma ba ya ci.

Saɓar kanta shaida ce. Idan ta fita ɗungurungum daga hanci zuwa wutsiya, laimar wurin ta yi daidai. Idan ta fita gutsi-gutsi, iska ta bushe da yawa. Abin tsoro guda biyu ne: ɓawon ido ya maƙale, ko zoben tsohuwar fata ya shaƙe bakin wutsiya har jini ya daina zuwa ta mutu. Ba a ɓamɓarewa da farce ko hantsaki. Ana sa masa maɓoya mai danshi, a ɗaga laimar akwatin zuwa kashi 70 ko fiye, a bar shi ya yi aikinsa. Na ido idan ya ƙi fita, aikin likitan dabbobi ne.

Laifin akwati da laifin mai shi

Idan ba rani ba ne, ba saɓa ba ce, sai a duba akwati. Mesar nan na buƙatar ɓangare mai ɗumi, digiri 31 zuwa 33 a ma'aunin Salshiyas, da ɓangare mai sanyi-sanyi wajen digiri 25 zuwa 27, don ta riƙa kai-komo yadda jikinta ya so. Idan wurin ya yi sanyi, nama zai ruɓe a cikinta kafin ya narke, ta san haka, sai ta ƙi. Tana kuma son maɓoya matsattsiya da za ta ji bango a jikinta ta kowane gefe. Babban akwati fayau a tsakiyar falo, ga yara na ƙwanƙwasa gilashi, ga baƙi na cewa a fito da ita su gani, ya isa ya hana ta ci.

Yadda ake miƙa abincin ma yana da nasa. Ba da ido kaɗai take farauta ba. Da harshe take ɗauko ƙamshi ta kai wani gurbi a ganɗarta, a leɓenta na sama kuma akwai 'yan ramuka masu jin ɗumin jikin dabba a cikin duhu. Ɓeran da aka ciro daga firiza, idan bai narke sarai an ɗumama shi ba, a wurinta ba abinci ba ne. Kaurinsa kada ya wuce wurin da jikinta ya fi kauri. Ƙarama takan ci duk kwana biyar zuwa bakwai, babba duk mako biyu ko uku, kuma ba a ɗaga ta sai bayan kwana biyu da ci, in ba haka ba ta amayar. Barin ɓera mai rai ya kwana da ita ganganci ne, don idan ba ta da niyyar ci shi ne zai gaigaye ta.

Ga mai kiwo a ƙasashenmu akwai ƙarin gargaɗi. Ɗaya daga cikin abincin mesar nan a dawa shi ne ɓera mai nonuwa da yawa, wanda shi ne ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu. Kama ɓeran gida ko na rumbu don ciyar da maciji kasada ce ga mai kamawa, ga kuma yiwuwar ɓeran ya ci guba. Su kansu macizai suna ɗauke da ƙwayar Salmonella a kashinsu, saboda haka wanke hannu da sabulu bayan taɓa su dole ne.

Inda azumi ke zama ciwo

Sikeli ne alƙali. Mesar da ta yi wata uku ba ci amma nauyinta bai motsa sosai ba, tana shan ruwa, tana zaro harshe, jikinta a murɗe, lafiyarta ƙalau. Wadda ta rasa kashi 10 cikin 100 na nauyinta, ƙashin bayanta ya fito, wannan sai likita. Haka wadda ke buɗe baki tana numfashi da ƙara, ko yauƙi na fita ta hanci, ko dasashinta ya kumbura, ko ake ganin 'yan baƙaƙen ƙwari suna yawo a gefen idonta, ko take amai a kai a kai. Jaririya ba ta da kitsen jure dogon azumi, ita ba a jira da ita. Waɗanda aka kamo daga dawa su suka fi ƙin ci, ga tsutsar ciki, ga rashin sabo da farin ɓeran kanti, shi ya sa gogaggun masu kiwo ke cewa kada a sayi maciji sai an tabbatar a hannu aka haife shi kuma ya riga ya fara ci.

Babban kuskure shi ne ɗura. Mai shi ya ƙosa, ya buɗe mata baki ya tura ɓera da ƙarfi, ana kukan targaɗe sai ga karaya: maƙogwaro ya ji rauni, ta amayar, tsoro ya ƙaru, azumin ya ƙara tsawo. Dabba ce mai kai shekara 20 zuwa 30 a hannun mutane. A 2020 ma wata a gidan namun daji na St. Louis a Amurka ta saka ƙwai bakwai tana da kimanin shekara 62. Wanda zai ɗauki amanar rai mai wannan tsawon kwana, kayan aikinsa sikeli ne da ma'aunin zafi da littafin rubuta ranar ci da ranar saɓa. Idan waɗannan uku suka ce lafiya, sai ya mayar da ɓeransa, ya ba ta mako biyu, sannan ya sake gwadawa da dare.