Hukuncin riƙon maraya: sunansa da tallafin da ake ba shi

Tambaya: Malam, ni mazaunin Dundaye ne. Ƙanwar matata ta rasu bayan mijinta, sai muka ɗauko ɗansu mai shekara 6 muna riƙo. Ko ya halatta in sa masa sunana a takardun makaranta don kada ya ji bambanci? Kuma tallafin da ake ba shi, zan iya haɗa shi da cefanen gida?

Amsa: Dukkan yabo ya tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah Ya saka maka da alheri, ɗan'uwa. Ya inganta a cikin Sahihul Bukhari cewa mai riƙon maraya zai kasance kusa da Annabi (SAW) a Aljanna.

Amma riƙo ba ya sauya nasaba. Ayoyi na 4 da 5 na Suratul Ahzab sun soke ɗiyanci irin na Jahiliyya, shi ya sa Zaidu, wanda ake jingina wa Annabi (SAW), ya koma Zaidu ɗan Harisa. Don haka a rubuta sunan mahaifinsa, kai kuma a sa ka a gurbin mai riƙo. Wannan ya fi masa amfani, domin da sunan nan zai nemi gadon ubansa, ya san danginsa. Ba ya gadonka, sai dai kana iya yi masa kyauta, ko wasiyya da abin da bai wuce sulusi ba. Matarka innarsa ce, muharramarsa ce, amma 'ya'yanka mata ba muharramansa ba ne. In ya balaga sai a kiyaye hijabi, tunda ya wuce shekarun shayarwa.

Batun tallafi ya fi buƙatar tsantseni. Duk abin da aka bayar da sunan yaron, kuɗi ne, ko shinkafa, ko yadin Sallah, mallakarsa ne, kai amintacce ne a kai. Aya ta 220 ta Suratul Baƙara ta sauƙaƙa a haɗa abincinsa da na gida, ba sai an ɗora masa tukunya daban ba, muddin gyara ake nufi. Aya ta 6 ta Suratun Nisa'i kuma ta umarci mawadaci ya kame, mabuƙaci ya ci gwargwadon abin da aka saba, sannan a kafa shaidu ranar miƙa masa dukiyarsa. Ka samu littafi kana rubuta abin da ya shigo da abin da aka kashe. Mutane na raina wannan, alhali rashinsa ya raba zumunta da yawa.

Neman taimako ba aibi ba ne. Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato tana tallafa wa marayu, musamman a watan azumi da Sallah, kana iya farawa ta hannun mai unguwa ko hakimi. Akwai kuma ma'aikatar jiha mai kula da mata da yara, kuma jihar ta samu dokar kare yara a 2021. Sai dai maraici kaɗai ba ya cikin rukunoni 8 na masu cin zakka da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa. Idan mahaifinsa ya bar masa abin da zai wadatar da shi, kada ka karɓi zakka da sunansa. Kyauta da sadakar nafila kuwa babu laifi.

Allah ne Mafi sani.