Na'ura da Alƙalami: Yadda Yaran Faransa Ke Koyon Ƙaga Labari

Kowane malamin makaranta ya san wahalar sa yaro ya rubuta labari daga kansa. Yaron da ke zuba tatsuniya da dare a tsakar gida, in aka ba shi alƙalami da safe sai ya yi tsit. Dalili kuwa shi ne, a gida akwai masu saurarensa, amma a makaranta babu mai karanta abin da ya rubuta sai malami, shi ma don neman kuskure. Yau za a duba yadda mutanen Faransa suka nemi maganin wannan.

Wani malamin ƙauye ne ya fara, mai suna Célestin Freinet. An ji masa rauni a huhu a Yaƙin Duniya na Farko, saboda haka ba ya iya doguwar magana a aji. A shekarar 1924 ya kawo ɗan ƙaramin injin buga takardu makarantarsa a kudancin ƙasar. Yara suka riƙa ƙaga labarai, suna jera haruffa da hannunsu, suna bugawa. Ba a daɗe ba suka soma aika wa yaran wata makaranta can yammacin ƙasar ta gidan waya, su kuma suna mayar da amsa. Da yaro ya san akwai mai jiran takardarsa, sai ya kyautata ta.

Sa'an nan kwamfuta ta zo. A watan Janairu na 1985, a birnin Faris, Firayim Minista Laurent Fabius ya ba da sanarwar wani shiri na raba wa makarantu kwamfuta wajen 120,000, yawancinsu ƙirar kamfanin Thomson. An koya wa malamai wajen 110,000 aiki da su, amma koyarwar ta 'yan kwanaki ce kawai. A 1989 Thomson ya daina ƙera irin waɗannan na'urori, da yawa kuwa suka ƙare a cikin kabad. Watau an sayi jaki, ba a tanadi mai kora shi ba.

A birnin Liyon aka bi wata hanya dabam. Wata cibiyar hukuma mai suna Erasme ta haɗa kai da Villa Gillet, gidan da ya soma shirya babban taron marubuta a birnin a 2007. Aka haɗa wani marubuci da azuzuwa kamar goma ta hanyar intanet, tsawon shekarar karatu guda. Marubucin ya rubuta farkon labari ya aika. Aji na farko ya ɗora babi, wani aji ya ci gaba daga inda aka tsaya. Marubucin yana karanta kowane babi, yana yaba abin da ya yi kyau, yana nuna inda zaren labari ya tsinke. A ƙarshen shekara yaran suka sadu da shi ido da ido. Cikin waɗanda suka yi wannan aiki da 'yan ƙaramar sakandare har da Léonora Miano, haifaffiyar Duwala ta ƙasar Kamaru. A Faris kuma, a 2011, aka kafa ƙungiyar Labo des histoires don koya wa yara da samari rubutu kyauta.

To, mene ne amfanin na'urar a nan? Abu biyu ne. Na farko, yaro yana iya share kalma ko ya sāke wa jimla wuri ba tare da ya ɓata takarda ba, don haka ba ya tsoron gyara. Na biyu, amsar da dā takan yi mako a hanya, yanzu takan iso a yini guda.

Amma fa na'ura ɗan aike ce kurum. Makarantar da ke Kano ko Maraɗi, ko da wayar hannu ɗaya gare ta, in ta sami marubucin da zai karanta ya ba da amsa, ta sami babban abin da ake bukata.