Limita (haɗa sauti)

Limita, daga kalmar Turanci limiter, na'ura ce ko manhaja da ake amfani da ita a sutudiyo domin hana ƙarar sauti wuce wata iyaka. A sautin da aka ɗauka a kwamfuta, iyakar ita ce 0 dBFS. Duk abin da ya haura nan yankewa yake yi, sai a ji waƙa tana tsagewa kamar lasifikar da ta fashe.

Yadda take aiki

Limita dangin kwamfuresa ce, sai dai ta fi ta matsa sauti, domin matsinta yana kamawa daga 10:1 zuwa sama. Mai haɗa sauti zai saka mata silin, wato inda ƙara za ta tsaya. Idan bugun ganga ko na kalangu ya yi tsalle zai wuce wurin, nan take za ta danne shi, sannan ta saki. Lokacin sakin nan shi ne mai wuyar saiti: in ya yi gajarta sauti ya ƙazanta, in ya yi tsawo a ji kiɗan yana shaƙewa yana dawowa. Yawancin limitocin kwamfuta suna ɗan jinkirta sautin domin su hango bugun kafin ya iso.

Tarihi

Gidajen rediyo ne suka fara amfani da ita a shekarun 1930. A 1967 Bill Putnam ya fitar da samfurin 1176 a Amurka, kamfanin Waves kuma ya fitar da manhajar L1 a 1994.

A Kano

Sutudiyo da dama na mawaƙan Kannywood suna titin Gidan Zoo, kusa da Gyadi-Gyadi a yankin Tarauni. Manhajar FL Studio, wadda makaɗan zamani da yawa ke aiki da ita, tana zuwa da tata mai suna Fruity Limiter.

Waƙoƙin nanaye a waya ake yawan jin su, ko a adaidaita sahu da wurin biki, saboda haka kowa yana son tasa ta fi ƙara. Da an danne manyan bugu, ana samun damar ɗaga waƙar gaba ɗaya, amma idan matsin ya yi yawa ganga takan rasa ƙarfinta, kunne kuma ya gaji da wuri. A intanet ma ribar kaɗan ce: Spotify yana daidaita waƙoƙi a kan -14 LUFS, yana rage wadda ta fi haka ƙara, kuma yana ba da shawarar a tsayar da silin a -1 dBTP.